Gobarar Gidan Gishiri

Shafi na 17

Na ga saƙonninku kaf. Ke da kika ce in ban turo yau ba za ki hau jirgin fito ki zo har tsibirinmu ki ƙwace wayata, ki taho da rigar ruwa, tun jiya sama ke zuba. Ku kuma sababbin shigowa, ni ce Tordis. Mun tsaya a ranar bikin cikar Gidan Gishiri shekara ashirin da biyar, tsohon ɗakin gishirta kifi da muka mayar gidan jama'a da aikin gayya. Senad, kafintan nan ɗan Bosniya da garinmu ya ɗora wa laifin gobara har ya tafi ba sallama, ya sauko daga jirgin safe.

*

"Ke kika kira shi," na ce.

Letay ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana tsaye gaban murhu tana kaɗa ƙwayar gahawa a ɗan kaskonta mai dogon mariƙi, wanda ta taho da shi daga Eritiriya tun gashinmu na baƙi. Hayaƙi ya turnuƙe kicin ɗin.

"Ni na kira shi. Sai aka yi yaya?"

"Ba ki ga ya dace ki sanar da ni ba? Ni ce fa shugabar ƙungiyar nan."

"Shugaba!" Ta ja tsaki tana dariya. "Ke da kika ɓata mako guda kina fenta bangon da za a rushe? Miƙo min turmi, Shugaba."

Na miƙa mata. Me zan ce? Gaskiya ta faɗa.

A wancan lokacin duk ba mu san komai ba. Ni malamar makaranta ce da ko ƙusa ban iya bugawa ba. Letay tana aiki a gidan kula da tsofaffi, in ta tashi ta zo da kakinta ta kankare gishiri daga katako. Halina 'yar Poland, Allah ya ji ƙanta, tana fenti tana zagin kowa da harshenta, mu kuwa muna amsawa da na gode. Senad kaɗai ya san aikin, shi kuma bakinmu bai zauna masa ba tukuna. In yana son guduma sai ya daki tafin hannunsa da dunƙule. In yana son zarto sai ya yi wani gurnani.

A haka muka ɗaga rufin nan.

"Har yanzu sa'a guda ake jira kafin a sha gahawa a gidan nan?"

Daga bakin ƙofa muryar ta fito.

Ban juya nan take ba. Na ajiye wuƙar cukun da ke hannuna, na goge hannu a jikin rigata, sannan na waiga.

Gashin ya yi fari tas. Ya yi ɗan tumbi. Amma tsayuwar tana nan, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kamar har yau da katako a kanta.

"Mai gaggawa ya je ya sha ruwan wankin kwanon da Tordis ke zubawa a fulas," in ji Letay. "Shigo, ɗan'uwana. Cire takalmi, ba gidan kifi ba ne yanzu."

Ya cire. Ya shigo. Ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Sannu, Shugaba."

Shi ya fara laƙaba min sunan nan, ranar da na zo wurin aiki da farin wando.

"Sannu da hanya, Senad."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Shekaru ina tsara maganar da zan faɗa masa in mun haɗu, ina tsarawa ina gyarawa a hanyar makaranta. Ga shi a gabana, na yi masa sannu da hanya kamar mai kawo wasiƙu.

Ya ɗaga kai yana kallon rufi.

"Wancan ginshiƙin har yau a karkace yake."

"Kai ka kafa shi," na ce.

"Ke kika riƙe min. Na ce dama, kika yi hagu."

"Ba dama ka ce ba. Cewa ka yi kifi."

"Wallahi dama na ce!"

"Kifi ka ce, ɗan'uwana," in ji Letay tana daka. "Ina wurin. Halina har zama ta yi a ƙasa don dariya, bokitin fenti ya kife mata a cinya."

Sai muka fashe da dariya mu uku, irin dariyar da na manta ina da ita. Ya ja kujera ya zauna, na tura masa farantin waina da cuku a kai. Ya ɗaga yankan cukun da yatsa biyu yana dubawa.

"Har yanzu kuna cin sabulun nan mai ruwan ƙasa?"

"Kai da kake cinye rabin dunƙule in ba kowa?"

"Yunwa ce. Ɗan gudun hijira ba ya zaɓe."

A lokacin na ga hannun sosai.

Fatar ta tattare tana sheƙi tun daga yatsu har wuyan hannu. Ƙaramin yatsan hagu ba ya miƙewa. Hannun da ya taɓa kama nawa ya ɗora a ƙotar guduma yana cewa, "A hankali, Shugaba, ƙusa ba maƙiyinki ba ne."

Ya lura ina kallo. Ya mayar da shi ƙarƙashin tebur.

Letay ta ɗora tulun gahawa a wuta, ƙamshin ya tashi, sai ga ni na koma wancan lokacin zafin. A tsibirinmu, can ƙuryar arewacin duniya, rana ba ta faɗuwa a irin wannan lokacin. Mu gama aiki mu zauna a bakin gadar jirage, ƙafafu na lilo a kan ruwa, tsuntsayen teku na damunmu da kuka. Letay na rera waƙar cocinsu, Halina na ƙorafin sauro, Senad na ba mu labarin itatuwan lambun kakarsa da rabin kalmomi, sauran ya cike da hannu. Wata rana kowa ya watse aka bar mu mu biyu. Ya ce in an buɗe gidan zai kai ni birnin Bodo kallon sinima, amma ni zan riƙa fassara masa.

Na ce to.

Ba mu je ba.

Ranar Sankthans, bikinmu na tsakiyar lokacin zafi, kowa na bakin teku ana hura wutar biki, rumfar da ke jingine da Gidan Gishiri ta kama. A cikinta kwalekwalen kakanninmu yake, wanda Senad ya kusa gama gyarawa. Da farko ba wanda ya kula, an ɗauka hayaƙin biki ne. Da muka iso a guje mun tarar da Baba kwance a kan duwatsu yana tari, Senad a gefensa hannuwa a ƙone. Ni na bi Baba asibitin Bodo. Kafin mu dawo magana ta gama gari: baƙo ya yar da guntun sigari, Oddvar, wato Baba, ya faɗa wuta don ceto kwalekwale. Senad da bakinsa ya ce wa ɗan sandan tsibiri sigarinsa ne. Aka rubuta tsautsayi. Amma a kanti aka daina amsa gaisuwarsa.

Na dawo na tarar ɗakinsa a share, makulli a jikin ƙofa.

"To," in ji Letay. "An yi dariya. Yanzu a yi magana."

Ta je lungu ta yaye zanen da muka rufe allon tagullar da shi, wanda za a kafa a bakin ƙofa da ƙarfe uku. Ta ɗauko shi da ƙyar ta dire a kan tebur, har kofuna suka yi ƙara.

"Karanta masa."

"Letay, ba yanzu ba."

"Karanta, malamar makaranta. Ko ni in karanta da bakina mai karkata?"

Na karanta. Sunan Baba ne a sama da manyan baƙaƙe, Oddvar, wanda ya shiga wuta domin garinsa. A ƙasa sunayenmu, har da na Halina.

"Ina nasa?"

"Kin san yadda aka yi a kwamiti. Na kawo maganar. An ɗaga hannu, an rinjaye ni."

"An rinjaye ki." Ta gyaɗa kai. "Katakon da ke ƙarƙashin ƙafarki wa ya shimfiɗa? Tagar da kike leƙa jirgi kullum da safe wa ya yanka?"

"Ba don allo na zo ba," in ji Senad a hankali. "Kin ce min ana biki, in zo in ga rufina. Na gani. Bai zuba ba. Ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba."

"Letay."

"Yau sai ta ji."

Ya miƙe tsaye.

"Kin rantse min. Kin riƙe gicciyen wuyanki kin rantse."

"Na rantse ba zan faɗa wa gari ba. Tordis gari ce? Dube ta, ko rabin gari ba ta kai ba."

Na dubi Letay, na dubi Senad.

"Me za a faɗa min?"

Senad ya koma ya zauna. Gahawa ta taso tana neman zuba, Letay ta sauke tulun ba tare da ta kalle shi ba.

"Me za a faɗa min, na ce!"

"Zauna, ƙawata."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya." Ta goge hannu. "Ranar gobara wa ya ɗaure wa Senad hannu kafin jirgin asibiti ya iso?"

"Ke."

"Wa ya cire wa babanki riga don ya samu numfashi?"

"Ke."

"Rigar nan kananzir take wari, Tordis. Sharkaf. Har hannuna ya kwana yana wari. Shi kuwa wannan," ta nuna Senad da haɓa, "ya daina shan sigari tun watan azuminsu. Ni nake ba shi alewa yana tsotsa yana zagin duniya. Kin manta?"

Ban manta ba. Alewar na'ana'a ce, a aljihun gaba yake zuba ta. Na sani sarai. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Na juya gare shi.

"Senad, ba sigarinka ba ne?"

Ya kalli taga.

"Da kai nake."

"Ba ni da sigari ranar," ya ce.

Na ja kujera na zauna.

"Ina cikin kwalekwalen," ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na gama shafa kwalta, na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin in zo wurin biki. Barci ya ɗauke ni. Zafi ne ya tashe ni. Na fito ta ƙaramar taga ta baya. Har na sauka kan duwatsu sai na ji tari a cikin hayaƙi, ta wajen ƙofa."

"Baba."

"Katako ya faɗo ya danne masa ƙafa. Na koma na ɗaga."

"Da hannunka."

"Ba ni da wani abin ɗagawa, Shugaba."

Letay ta zuba gahawa a ƙananan kofunanta ta tura min ɗaya. Ban iya ɗauka ba.

"Kin san yadda babanki ya koma bayan rasuwar mamarki," ta ce. "Kwalba a aljihu, kwalba a jirgi. Ni dai lissafina, ya sha ya yi tatul, ya shiga da risho zai dafa wani abu, ya ture galan. Tsautsayin mashayi. Amma aka wayi gari shi ne gwarzo, wanda ya cece shi kuma shi ne mugu."

"Me ya sa?" na ce. "Senad, me ya sa ka ce kai ne?"

Ya ɗan yi murmushi.

"In na ce ba ni ba ne, wa zai yarda? Ni da ba na bambance dama da kifi?"

"Ni zan yarda!"

"Na sani. Shi ya sa."

"Ban gane ba."

"Da kin yarda da ni, sai ki tsaya gaban gari ki nuna mahaifinki da yatsa. Ke da shi kaɗai kuka rage." Ya juya kofin a kan tebur. "Nawa uban a cikin gidanmu ya ƙone lokacin yaƙi. Ina tsallaken kogi ina kallo, ban iya zuwa ba. Naki na iya. To in fito da shi daga wuta in kuma jefa shi a bakin mutane? Ina amfanin hannun da na ƙona?"

Letay ta share ido da gefen mayafinta tana gunaguni da harshensu.

"Kuma ki tuna yadda muke kafin gobarar," ya ce. "Mu nawa ne a wurin aiki? 'Yan tsiraru. Duk taron gari sai Dattijo, babanki, ya miƙe ya ce baƙi za su ɓata musu gado. Bayan na tafi fa?"

Na tuna.

Baba ya sauko daga jirgi da sanda, bai ko je gida ba, ya wuce Gidan Gishiri ya ɗauki guduma. Washegari masunta suka biyo shi. Matansu suka zo da waina da fulas-fulas. Wanda bai taɓa gaida Letay ba ya riƙe mata tsani. Kafin sanyi ya shigo mun buɗe ƙofa. A ɗakin nan yaran Siriya suka koyi bakinmu daga baya, a nan tsofaffinmu ke cin abincin Laraba, a nan aka yi zaman makokin Halina, limamin coci da na masallaci a benci ɗaya.

Ni kuwa duk shekarun nan ina alfahari wuta ta sauya zuciyar ubana.

"Letay ta riƙa aiko min da hotuna," in ji Senad. "Na ga gidan ya tsaya. Na ce to, ciniki ya faɗa. Mutum ɗaya ya tafi, gari ya shigo."

"Ciniki," na ce. "Ni fa? A cikin cinikin naka an tambaye ni?"

Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

"Na yi shekara ina leƙa jirgin safe. Ita ta sani."

"Na sani," in ji Letay. "Ni ma ban ji daɗin bakina ba, ƙawata. Kullum in kalle ki in haɗiye. Na yi wa babanki wanka a gidan tsofaffi, na yanke masa farce, na ba shi abinci a baki, ban ce uffan ba. Amma da na ga allon nan, na ce a'a. Takarda tana yagewa, magana tana wucewa, tagulla kuwa jikokinmu za su karanta."

Daga zaure muna jin ana jan kujeru, yara na gwada lasifika suna dariya. Wani ya leƙo ya tambaya ko a fara fitar da kofuna, Letay ta kore shi da hannu.

Na dafa allon. Sanyinsa ya ratsa tafina.

"Ba za a kafa shi ba," na ce.

"Tordis," in ji Senad. Karo na farko ke nan da ya kira sunana tun saukarsa. "Tsoho ne. Ya kusa casa'in. Ki bar shi ya sha tafinsa ya koma ya kwanta. Mutum ya sha giya ya ture galan, shi ke nan sai a tozarta shi a gaban jikokin abokansa?"

"Kai an tozarta ka."

"Ni na warke. Ina da shago a birnin Malmo, ina da 'ya'ya mata biyu masu raina ni. Ban zo karɓar komai ba."

"To ni zan hau can in ce me? In karanta ƙarya da bakina?"

"Ki ce an gode wa kowa. Ki yanka kek."

"Ji shi!" Letay ta buga cinya. "Shekara ashirin da biyar, har yau kansa katako ne."

Sai muka ji ƙarar ƙarfe a kan dakalin ƙofar baya.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Duk garin nan ba wanda bai san ƙarar sandar Baba ba.

Ƙofar a buɗe take saboda hayaƙin gahawa. Yana tsaye a bakinta cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda ta yi masa yawa yanzu, an taje masa gashi an manna masa fure a ƙirji. Motar gidan tsofaffi ta kawo shi da wuri. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

"Baba," na ce ina miƙewa. "Ba ta nan za ka shiga ba, an ajiye maka kujera a gaba."

Ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan Senad.

"Ka tsufa, kafinta."

"Kai ma, Dattijo."

"Nuna min."

Senad ya fito da hannuwansa ya shimfiɗa a kan tebur, gefen allon.

Baba ya daɗe yana kallo. Haɓarsa na motsi kamar mai tauna abu.

"Na ji abin da kika ce, Letay," ya ce. "Kin yi min wanka, kin ba ni abinci, ba zan ƙaryata ki a gaban mutane ba. Amma lissafinki bai yi daidai ba."

"Oddvar, zauna tukuna, ƙafarka..."

"Ban sha komai ba ranar. Ko ɗigo."

A zaure wani yaro ya hura lasifika ta yi ƙara.

"Baba, ka gaji. Zo mu je."

"Sake ni, yarinya." Ya fizge hannunsa, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. "Ba risho, ba tsautsayi. Daga jirgina na ɗauko galan ɗin. Da hannuna na zuba, da hannuna na ƙyasta ashana."

Letay ta dafe gicciyen wuyanta.

"Kwalekwalen kakanka, Baba?" na ce. "Don kada baƙi su gyara shi, ka ƙona?"

Sai a lokacin ya dube ni. Idonsa a bushe.

"Ina ruwana da kwalekwale? Na gan ku a bakin gada, ke da shi." Ya ɗaga sandar ya nuna Senad. "Na leƙa kafin in zuba. Na san yana ciki yana barci."

Na juya ga Senad ina jira ya zabura, ko ya yi ihu, ko ya ce tsufa ne ke magana.

Bai ko ɗago ba.

"Na sani, Dattijo," ya ce. "Idona biyu lokacin da ka saka wa ƙofa sakata."